Eaton Hall: gidan da ya yi jinyar sojoji a yaƙi biyu, aka kuma rushe shi

Malam, ka ce ka ci karo da wani tsohon hoton Eaton Hall na ƙasar Ingila, katafaren gida mai hasumiyoyi, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa ya zama asibiti a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, kuma yanzu babu shi. Kana son sanin yadda gidan mutum yake komawa asibiti, da abin da zai sa Turawan Ingila, waɗanda aka sani da riƙon kayan tarihi, su rushe irin wannan wuri da hannunsu. Ka kuma yi hasashen ko zaman asibitin ne ya lalata shi.

Mutane da yawa suna yin wannan hasashen, amma ni ban yarda da shi ba. Shekarun jinya suna cikin lokutan da gidan ya fi amfanar jama'a, kuma ya fita daga cikinsu a tsaye. Abin da ya ci shi ya zo daga baya, lokacin da aka rasa mai bukatarsa, ruwa ya sami hanyar shiga rufi, aka kuma wayi gari masu faɗa a ji suna ganin irin gininsa mummuna ne. Sai dai ba za ka gane wannan ba sai ka fara sanin girman abin da aka gina.

Eaton Hall yana kusa da ƙauyen Eccleston, 'yan mil kaɗan kudu da birnin Chester, a gefen kogin Dee, cikin yankin Cheshire. Gidan zuri'ar Grosvenor ne, masu riƙe da sarautar Duke na Westminster. Arzikinsu ya samo asali ne daga wani aure na shekarar 1677, lokacin da Sir Thomas Grosvenor ya auri Mary Davies, yarinyar da ta gaji wasu fadamu da gonaki a yammacin Landan. Waɗannan fadamun su ne daga baya suka zama Mayfair da Belgravia, unguwannin da ke cikin mafi tsada a duniya. Kuɗin hayar Landan ke nan ake kwasowa ana zubawa a Cheshire. An gina gida na farko mai girma a wurin a zamanin Sir Thomas ɗin, aka sake shi a farkon ƙarni na 19, aka kuma yi masa wani gyaran a tsakiyar ƙarnin. Wanda ka gani a hoto shi ne na Hugh Lupus Grosvenor, Duke na farko, da ya ɗauko mai zanen gini Alfred Waterhouse. Waterhouse ɗin nan shi ne ya zana babban zauren birnin Manchester da gidan adana tarihin halittu na Landan, kuma duka biyun suna nan har gobe. An fara aikin Eaton a 1870, aka ɗauki shekara 12 ana yi, aka kashe fiye da fam 600,000 na wancan zamani.

Ɗakunan kwana kimanin 150. Majami'ar gidan kaɗai ta kai cocin wani gari, da hasumiyar agogo mai tsayin ƙafa 175 da ke kama da ta majalisar dokoki a Landan, an jera mata ƙararrawa 28 masu kaɗa waƙa. Ga bargar dawaki da ta isa a kira ta unguwa. Dumama irin wannan gida a hunturun Ingila kuwa sai da jirgin ƙasa: a 1896 aka shimfiɗa masa ɗan siririn layin dogo nasa na kansa, mai faɗin inci 15, daga tashar Balderton, babban aikinsa jigilar kwal da katako da sauran kayan gida.

Akwai wani abu da nake son ka riƙe, domin a nan zaren labarin yake. Waterhouse ya yi wa iyalin wani ƙaramin sashe a gefe, aka haɗa shi da babban ginin da dogon baranda, kuma a can suke zaman yau da kullum. Babban ginin na baƙi ne da biki da farauta da saukar 'yan gidan sarauta. Tun ranar da aka gama shi ya fi ƙarfin zaman iyali ɗaya. Wannan girman da ya wuce kima shi ya sa ya dace da asibiti a 1914, shi ne kuma ya sa aka rasa yadda za a yi da shi a 1960.

Yanzu ga yadda gida yake zama asibiti. Tun 1909 gwamnatin Birtaniya ta kafa tsarin 'yan sa-kai na jinya, maza da mata, ƙarƙashin ƙungiyar Red Cross da ta St John, ana koya masu taimakon gaggawa da kula da majinyaci. Da yaƙi ya ɓarke a watan Agusta 1914, ƙungiyoyin biyu suka haɗe ƙarƙashin kwamiti ɗaya, mutane kuma suka yi ta miƙa gine-ginensu: makarantu, zaurukan gari, gidajen attajirai na birni da na karkara. Ba kowanne aka karɓa ba, sai an zo an duba ruwa da magudana da bayan gida da nisa daga tashar jirgi. Kafin ƙarshen yaƙin an sami irin waɗannan ƙananan asibitoci fiye da 3,000 a faɗin ƙasar, 'yan sa-kai kuma sun kai kimanin 90,000. Eaton ɗaya ne daga cikinsu, kuma wani ɓangare na gidan aka ware, ba dukkansa ba.

Dalilin bukatarsu a bayyane yake. A rana ɗaya tak, 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa, sojojin Birtaniya 57,470 ne aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace, 19,240 daga cikinsu sun mutu. Babu tsarin asibitin soja a duniya da zai haɗiye wannan. Wanda aka harba a ramin daga, sai a fara ɗaure masa rauni a nan kusa, a kai shi tashar tantancewa a bayan daga inda ake yin aikin gaggawa, daga nan jirgin ƙasa ya kai shi babban asibiti a gaɓar Faransa, jirgin ruwa ya ƙetare da shi zuwa Southampton ko Dover, wani jirgin ƙasan ya kai shi babban asibitin soja na yankin da aka tura shi. Gidaje irin su Eaton a ƙarshen wannan layin suke. Yawanci waɗanda suka tsallake siraɗi ake kawo masu, masu jiran rauni ya rufe, ƙashi ya ɗinke, ko huhun da iskar guba ta ƙona ya sami sauƙi, domin a sami gado a babban asibiti ga wanda ke tafe a baya.

Kada jin an ce murmurewa ya sa ka ɗauka hutu ne. Zamanin nan babu penisilin, ba a fara amfani da shi sosai ba sai a yaƙi na biyu. Ƙasar Faransa da Beljiyam ƙasar noma ce da ta sha taki shekara da shekaru, ɓarɓashin bam kuma yana shiga jiki da laka da tsumman kaki. Rauni sai ya yi ta ɗiwa wata da watanni. Maganin da aka dogara da shi shi ne wanki: a buɗe rauni, a cire ruɓaɓɓen nama, a zura 'yan siraran bututun roba, a riƙa ɗura wani ruwan kashe ƙwayoyin cuta da wasu masana biyu, Carrel da Dakin, suka tsara, bayan kowace awa biyu, dare da rana. Da auduga ta yi ƙaranci har wani gansakuka na fadama aka riƙa tsinkowa ana busarwa ana ɗinke shi cikin ƙyalle, saboda yana shan ruwa ƙwarai. Wannan aiki na hannu ne, mai cin lokaci, kuma mata ne suka yi mafi yawansa.

Tsarin kowane gida kusan iri ɗaya ne. Akwai shugaba mai riƙe da ragamar komai ban da magani, sau da yawa uwargidan ce da kanta. Akwai babbar nas ƙwararriya da ake biya albashi, akwai mai kula da sito da abinci, likitan gari kuma yana zagayowa, wani lokaci ba tare da karɓar ko kwabo ba. Sauran aikin, shara da wankin fo da gyaran gado da dafa abinci da zaman dare, na 'yan sa-kai ne, 'yan matan da wasunsu ba su taɓa wanke kofin da suka sha shayi da shi ba kafin yaƙi. Ma'aikatar yaƙi tana biyan wani abu a kan kowane majinyaci, kuma mafi yawan abin da ta taɓa biya shi ne fam 1 da sule 4 da sisi a mako, wato sule 3 da sisi a rana. Abin da ya yi saura sai masu gida da gudummawar mutanen gari su cike. Majinyatan da ba hafsoshi ba ana ba su wasu shuɗɗan kaya da farar riga da jan lakataye, wanda duk ya gan su a titi ya san daga ina suke, mai gidan giya kuma ya san an hana shi sayar masu.

Idan kana son ganin abin da ido, dubi Dunham Massey, wani gidan da a lokacin yake cikin wannan yanki na Cheshire, wanda ya zama asibiti daga 1917 zuwa 1919 ya kuma karɓi sojoji 282. An kwashe kujerun alfarma daga babban falo aka jera gadajen ƙarfe. Da bukatar tiyata ta taso, ƙasan babbar matattakalar bene aka mayar ɗakin aiki, saboda akwai ruwa a kusa. A nan aka buɗe kan wani soja ana neman ɓarɓashin ƙarfe a ƙwaƙwalwarsa, ƙanwar mai gidan, Lady Jane Grey, budurwa ce a lokacin, tana tsaye riƙe da tocila tana haska wa likita. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji girman mutanen nan ya ƙaru a idona, da mai riƙe da fitilar da wanda ke kwance.

To me irin wannan zama zai yi wa gini? Kaɗan ne. Ana naɗe dardumai, a rufe zane-zanen bango, a kulle kayan tsada a wasu ɗakuna, a shimfiɗa leda a ƙasa. Masu gida suna nan, barorinsu suna nan, ana hura wuta kullum saboda marasa lafiya, ana buɗe tagogi saboda a lokacin an yi imani ƙwarai da iska mai kyau. Ginin da ake dumamawa ana sharewa ana kuma lura da shi ba ya lalacewa. Haɗarin da ya fi yawa gobara ce, kamar wadda ta tashi a gidan Wrest Park a 1916 ta kawo ƙarshen asibitin can. Manyan gidajen Highclere da Blenheim da Woburn duk sun yi jinyar sojoji a wancan yaƙi, kuma ga su nan a tsaye.

Su kansu masu Eaton yaƙin ya watsa su. Uwargidan Duke na biyu, Constance, ta ƙetara Faransa ta buɗe asibitin Red Cross a cikin gidan cacar garin Le Touquet. Mijinta yana Masar da motoci masu sulke yana yaƙi da Sanusiyya, kuma a watan Maris 1916 ya ratsa hamada kimanin mil 120 ya kuɓutar da wasu ma'aikatan jirgin ruwan Birtaniya da ake tsare da su a Bir Hakeim. Gidansu na Landan, Grosvenor House, gwamnati ta yi amfani da shi lokacin yaƙin, iyalin ba su koma ba, aka rushe shi a shekarun 1920 aka gina otal a wurin. Ka ga tun a lokacin sun fara sabawa da rabuwa da manyan gidaje.

Yaƙi na biyu daban ne. A na farko mutum ne yake miƙa gidansa don kansa, a na biyu gwamnati ce take karɓa da ƙarfin doka, kuma da wuya ka sami babban gidan karkara da ya tsira. Eaton ya sake zama asibiti. Sannan a watan Satumba 1942 jiragen Jamus suka yi ruwan bam a kwalejin horar da hafsoshin ruwa ta Dartmouth, aka kwaso ɗalibanta zuwa Eaton a 1943, suka zauna har 1946. Suna fita sojojin ƙasa suka shiga, gidan ya zama makarantar horar da ƙananan hafsoshi har zuwa 1958. Dubban samari masu aikin soja na dole sun bi ta cikinsa, ana ɗebo su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya yi 'yan watanni ya ba na baya wuri.

A nan labarin ya taɓo mu. A shekarun da ake shirin ba da mulkin kai, ana tura 'yan Afirka ta Yamma Ingila su sami horon hafsa, kuma Eaton Hall na cikin wuraren da ake kai su. Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu, wanda ya shiga soja a Zariya a 1957, ya wuce Teshie a Ghana, daga nan ya tafi Eaton Hall, a can ya sami igiyarsa ta hafsa a 1958. Wato yana cikin rukunan ƙarshe da suka kwana a gidan. Saboda haka ginin da ka gani a hoto yana da ɗan gurbi a tarihin sojan Najeriya.

Wannan zaman na shekara goma sha biyar, na kwaleji da bariki, shi ne ya gajiyar da gidan. Ba wai don samarin mugaye ba ne. Takalmin soja mai ƙusa yana cin daɓe, ana kafa allunan raba ɗaki, ana huda bango a ja waya da famfo, ana kafa rumfunan kwano a fili. Amma wannan duk mai gyaruwa ne. Babbar ɓarnar ita ce wadda ba a gani: ɗan haya yana kula da ɗakin da yake kwana, ba ya hawa rufi. Ma'aikatan da suka san kowane lungu na saman gidan, masu share magudanan ruwa bayan kaka ta zubar da ganye, masu kwashe ƙanƙara kafin ta narke, sun tafi yaƙi ko sun tsufa, ba a maye gurbinsu ba.

Dole in ɗan daɗe a kan rufin nan. Irin ginin Waterhouse ba rufi ɗaya gare shi ba. Tsini ne bayan tsini, hasumiya kusa da hasumiya, bututun hayaƙi barkatai, kuma duk inda gangare biyu suka haɗu akwai kwari da aka shimfiɗa wa dalma, ruwa yana bi ta ciki ya faɗa bututu. Da yawa daga magudanan a ɓoye suke a bayan bango don kada su ɓata kyan fuskar gini. Dalma tana buɗewa da zafi ta tsuke da sanyi, bayan shekara saba'in ko tamanin sai ta fara tsagewa. Ganye ya toshe bututu ɗaya, ruwa ya taru, ya sami tsaga, ya riƙa ɗiga a kan katakon da ke cikin bango inda babu mai gani. Duk wanda ya taɓa zama a ginin ƙasa ya san abin da toshewar indararo ɗaya take yi wa soro a tsakiyar damina. Bambancin kawai shi ne a can abin yana ɗaukar shekaru, kuma a ɓoye yake yi.

Idan danshin katako ya wuce kimanin kashi 20 cikin ɗari a wurin da iska ba ta shiga, sai wata irin fumfuna mai cin katako ta kama. Ita ce dodon tsofaffin gidajen Ingila. Tana cinye abin da ke ba katako ƙarfi, ta bar shi ya yi ja-ja ya tsattsage gida-gida, ka matsa da yatsa ya marmashe. Muguntarta ita ce ba ta tsayawa inda ta fara. Tana miƙa wasu jijiyoyi masu kama da saiwa ta bayan filasta, ta ratsa tsakanin bulo, har ta iske wani katakon a ɗaki na gaba. Sau da yawa wari ne yake fara tona ta, ko a ga jan ƙura ta rufe daɓe. Maganin da aka sani a wancan lokaci kuwa na ƙarfi ne: a fasa filasta, a yanke katako har a wuce inda cutar ta tsaya, a huda bango a ɗura guba. A gidan da darajarsa take cikin sassaƙan katako da adon silin, maganin kansa rushewa ne. Zuwa 1960 an sami wannan cuta a rufin Eaton, ga sauran gyare-gyare jibge.

Za ka ce ai masu kuɗi ne. Gaskiya ne, kuma wannan ne ya sa na fi son misalin Eaton a kan na sauran. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne harajin gado. An kafa shi a 1894 da kashi 8 cikin ɗari a kan dukiya mafi girma, ya yi ta hawa da kowane yaƙi, har a 1949 ya kai kashi 80 a kan abin da ya haura fam miliyan ɗaya. Duke na biyu ya rasu a 1953 bai bar ɗa namiji ba, harajin da ya biyo baya ya haura fam miliyan 15, har sai da aka sayar da filayen iyalin na unguwar Pimlico. Ga kuma rashin barori, domin 'yan matan da iyayensu suka yi aikatau sun sami masana'anta da kanti da ofis, babu mai komawa ɗaukar bokitin kwal zuwa hawa na uku. Diyyar da gwamnati take biya a kan gidajen da ta karɓa an ɗaure ta da darajar gini ta lokacin da aka karɓe shi, kuma har 1954 ba ka isa ka yi babban gyara ba sai da lasisi, saboda ƙarancin kayan gini. Waɗannan sun isa su kashe gidan wanda arzikinsa gona ce kawai, kuma sun kashe ɗaruruwa. Ana ƙiyasta cewa a 1955 duk kwana biyar sai an rushe babban gidan karkara ɗaya.

Amma zuri'ar Grosvenor ba ta talauce ba, Mayfair da Belgravia suna hannunsu. Da sun ga dama da sun gyara. Abin da ya faru shi ne babu wanda yake son zama a ciki, soja sun gama da shi, kuma babu wanda zai ji kunyar rushe shi. A shekarun 1950 masana gini da 'yan boko suna kallon gine-ginen zamanin Sarauniya Victoria a matsayin shirme, kwaikwayon coci-cocin da, mai nauyi da duhu da yawan ƙawa. Gidan da ya kai shekara ɗari biyu ko uku yana iya samun mai kuka dominsa, na shekara tamanin kuwa tsohon yayi ne kawai. Ƙungiyar kare gine-ginen wancan zamani ba a kafa ta ba sai 1958, kuma tana jaririya ta sha kaye a kan babbar ƙofar tashar Euston ta Landan, wadda aka rushe a 1961 zuwa 1962 duk da ƙorafin jama'a. Doka ma ba ta da haƙori. An fara jera gine-ginen tarihi bayan yaƙi, amma mai gida sanarwa kawai zai bayar kafin ya rushe, in hukuma ba ta motsa ba shi ke nan. Sai a 1968 aka wajabta neman izini tukuna.

Tsakanin 1961 da 1963 aka rushe babban ginin Eaton da sashen iyali. Da ya ƙara shekara goma sha biyar a tsaye, ina kyautata zaton da ya tsira. A 1974 gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan ya yi wani baje koli a kan gidajen karkara da aka rasa, aka jera sunaye da hotunan ɗaruruwansu a bango, mutane suka fito jikinsu a sanyaye. Shekara ɗaya bayan haka aka kafa ƙungiyar SAVE mai fafutukar ceto gine-ginen tarihi, ra'ayin jama'a ya juya, aka koma mayar da irin waɗannan gidaje otal da makaranta da gidajen haya. Ƙasar da ka sani da riƙon tarihi ta koyi riƙon ne bayan ta yi asarar gidaje fiye da 1,000.

Ra'ayina shi ne an yi asara, kuma an yi gaggawa. Ba na cewa dole iyali su zauna a ɗaki 150 don su faranta wa masu son tarihi rai, wannan ba adalci ba ne. Amma gini ne da ya nuna sau uku cewa yana iya ɗaukar jama'a, ya yi asibiti, ya yi kwaleji, ya yi makarantar soja, a daidai lokacin da Birtaniya take buɗe sababbin jami'o'i. Abin da ya fi damuna kuma ba hasumiyoyin ba ne. A Dunham Massey, wanda aka miƙa wa National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, a 1976, an iya sake jera gadaje a ainihin falon a 2014, jikokin majinyata suka zo suka tsaya inda kakanninsu suka kwanta. A Eaton ɗakunan da aka yi jinyar babu su, ba wurin da za a kai mutum a ce masa a nan ne.

Abin da aka bari shi ne majami'ar da hasumiyar agogo da bargar dawaki, da tsohuwar ƙofar ƙarfe mai ruwan zinariya ta ƙarni na 18, da mutum-mutumin mahayin doki da G. F. Watts ya ƙera, da lambuna. A farkon shekarun 1970 aka gina wani ƙaramin gida na zamani, fari mai shimfiɗaɗɗen rufi, wanda John Dennys ya zana. Bai sami karɓuwa ba, aka sake masa fuska tsakanin 1989 da 1991 ya koma kama da gidajen sarautar Faransa. Har yanzu gidan iyalin ne, ba a shiga, sai dai ana buɗe lambunan 'yan kwanaki a shekara don tara kuɗin sadaka. Duke na shida, Gerald Grosvenor, wanda ya daɗe a rundunar sojan sa-kai, ya sa dukiyarsa ya sayi wani gidan karkara, Stanford Hall, aka gina cibiyar farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a harabarsa. Ya rasu a 2016, aka buɗe cibiyar a 2018.

In kuma mutanen da suka yi aikin jinyar kake son bi, Red Cross ta Birtaniya ta sa katunan 'yan sa-kanta na yaƙin farko a intanet. Kowane kati yana ɗauke da sunan mai shi da garinsu da asibitin da ya yi aiki da irin aikin, wasu har da adadin awannin da suka yi, kuma ana iya bincike da sunan asibiti ko na gari.